Ragowar Ruwan Tsiro

Ranar da Aina'u za ta tafi Bagwai zaman jegon 'yarta Rumaisa, sai da mai babur ya gaji da danna hon a ƙofar gida, ita kuwa tana tsakar gida da mayafi a kafaɗa tana jera wa mijinta abin da zai yi da wanda ba zai yi ba. Nababa yana kan tabarma yana gyaran ƙotar fartanya, yana cewa "to" a duk inda ta ja numfashi.

"Malam, ga ragowar ruwan tsiro can a bokiti," in ji ta. "Ba ya kwana. Ka juye wa awaki."

"To."

"Na ce ka juye wa awaki."

"Ai na ji."

Ta dube shi irin duban wadda ta san mutum tun yana da baƙin gemu, sannan ta ɗauki jakarta ta fita.

A ƙauyensu da kewaye, har zuwa kasuwar Minjibir, in ana zancen kunun zaƙi sunan Aina'u ake fara kamawa. Ba wani ɓoyayyen abu take sakawa ba, tsiro ne. Dawa take jiƙawa, ta baza ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu har ta fito da farin baki, ta shanya, ta niƙa, ta jiƙa garin ta tace. Wannan ruwan shi ke tsinka kunu ya ba shi zaƙin da sukari bai iya bayarwa. Kowace mace ta san haka, amma hannu ba ɗaya ba ne.

Da ƙarar babur ta yi nisa, Nababa ya tashi ya leƙa bokitin. Ruwa ne ja-ja, mai ɗan danƙo, ya kai rabi. Ya tsoma yatsa ya lasa. Ya dubi awakin da ke turke, su ma suka dube shi.

Shi mutum ne da ko ƙwayar gero ya gani a hanya sai ya duƙa. A ƙasarsu gona tana jingine da gona, babu dajin da za a ce an bar wa ƙasa ta huta, saboda haka ba a zubar da komai. Kara na danga, harawa ta dabbobi, toka da kashin awaki su koma gona a bayan jaki. A ce dawar da aka noma, aka sussuka, aka yi ta lallaɓawa har ta tsira, a ɗauke ta a miƙa wa akuyar da ko ganyen dalbejiya ta samu ci take yi? Zuciyarsa ta ƙi.

Kuma ga gayya a gabansa. Ya riga ya gayyaci maza maimai a gonarsa ta dawa. Tuwon ranar yana hannun Sadiya, matar ƙaninsa, Aina'u kuma ta ce a roƙe ta ta haɗa da kunun tsamiya. Sai dai Nababa ya sani sarai, rabin waɗanda suka amsa masa gayyar nan ba don ƙaunar dawarsa suka amsa ba.

Ya je ya sakaya ƙofar zaure.

Shekara da shekaru yana kallon yadda take yi daga inuwar rumfa, har yana ganin abin bai fi a zuba wannan a kan wancan ba. Ya ɗauko busasshiyar gasarar da ta ajiye a ɗaki ya jiƙa. Ya hura wuta, hayaƙi ya sa shi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa. Ya tafasa ruwa ya sheƙa, gasara ta yi kauri, ya ƙona bayan hannunsa da gefen tukunya. Da ta sha iska ya jawo bokitin. Ya tuna Aina'u ludayi take sawa ta ɗiba, tana zubawa tana ɗanɗanawa. Shi kuwa ya ce a ransa, abin da kaɗansa ya yi daɗi ai da yawansa sai ya fi. Ya juye duka, har ya ɗauraye bokitin ya ƙara. Ya jefa citta da kanumfari, ya tace da ƙyallen tatarta, ya kurɓa.

Wallahi ya yi daɗi. Wannan kam ba za a hana shi ba.

Ya ɗura a jarkar Aina'u, ruwan ɗorawa mai jan ƙyalle a hannu, wadda ko yaron goye ya hango ta ya san ta wace ce. Ya shimfiɗa leda a baki, ya murɗa murfi iya ƙarfinsa, ya kai ta ɗakin ajiya mai rufin kwano ya jingine. Ya wanke tukunya, ya share toka, ya ɓatar da duk wata shaida.

Bayan la'asar a ƙofar masallaci wani ya ce, "Ashe gayyar bana a bushe za mu yi ta, mun ji mai kunu ta yi tafiya."

Nababa ya gyara hula. Dattijo mai furfura ba zai buɗe baki a gaban sa'o'in 'ya'yansa ya ce shi ya tsuguna a madafa yana tace gasara ba.

"Ta bar muku," in ji shi. "Jarka guda."

Washegari, ranar gayya, sama ta buɗe tun asuba. Ruwa ya kwana a kunya-kunya, ƙasa ta yi taɓo, ba fartanyar da za ta shiga. Aka ɗaga. Da ƙasa ta tsane sai ga Juma'a, bayan Juma'a aka yi rasuwa a ƙauyen gaba, kowa ya tafi gaisuwa. Nababa yakan tuna da jarkar, amma hankalinsa kwance. Lemon kwalba wata nawa yake yi a kanti bai lalace ba? Don an toshe bakinsa ne. Shi ma kuwa ya toshe. Abin da iska ba ta shiga ba, ta ina lalacewa za ta shiga?

Safiyar da gayya ta tabbata, maza suka wuce gona da fartanyu a kafaɗa. Nababa ya ce su yi gaba zai taho da kunu. Ya tura ƙofar ɗakin ajiya, zafin kwano ya bugi fuskarsa, sai ya ja ya tsaya.

Jarkar ba ta jingine yadda ya bar ta. Ta kumbura ta yi tim, gindinta ya turo har ta kasa zama, ta kishingiɗa a jikin buhu kamar akuya mai tsohon ciki. Ya yi bisimilla ya ɗan sassauta murfin. Sai ta yi tsaki. Dogon tsaki, irin wanda ko Aina'u ba ta taɓa yi masa ba. Kumfa ta biyo baya, fara sol, tana gangarowa ta gefe, tare da wani wari mai tsami mai hawa kai wanda hancinsa bai taɓa gamuwa da shi ba.

Ya mayar da murfin da sauri. Wata kalma ta faɗo masa a rai, ya yi a'uziyya ya kore ta, ta dawo. Ya taɓa ji ana cewa masu burukutu da tsiron dawa suke yin ta.

Ya fita bai ko sa takalmi daidai ba, sai gidan Usmanu. Usmanu taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a tsokani juna ba. Ya yi tuƙin babbar mota zuwa kudu har ƙuruciyarsa ta ƙare, sannan ya dawo gida ya kama noma. Nababa ya same shi yana ɗaure wando zai tafi gayyar, ya ja shi gefe, ya kawo shi har gaban jarka.

"Shinshina ka gaya mini," in ji shi a hankali. "Wannan ita ce?"

"Ita wa?"

"Ka san abin da nake nufi."

Usmanu ya dubi jarkar, ya dubi kumfar da ta bushe a gefenta, ya dubi Nababa. Ya harɗe hannu a baya.

"Bawana, tsaya tukuna. Daga nan zuwa gidana gida nawa ka tsallake? Ka wuce na mai unguwa, ka wuce na Alhaji Uwaisu, ka wuce na wanzami. Duk ba ka ga mai hanci ba sai ni? Me ka ji an ce a kaina?"

"Ba a ce komai ba. Kai ne ka yi yawon duniya."

"Tuƙi na yi. Idona yana kan titi."

"Hancinka fa?"

"Mura. Tun daga Zariya take kama ni, ba ta sakina sai na dawo."

"Usmanu, don girman Allah, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. In na ce ita ce, ka ce a ina na san ta. In na ce ba ita ba ce, nan ma ka ce a ina na san ta. Ka ga ramin da ka haƙa mini da sassafe?"

Suna cikin haka suka ji muryar Malam Sha'aban, limamin unguwa, yana sallama a zaure. Shi ma da fartanyarsa, ya biyo ne su tafi tare. Nababa ya so ya ce ga shi nan fitowa, amma Usmanu ya riga shi.

"Shigo, Allah gafarta Malam! Ga fatawa ta same ka har gida."

Malam Sha'aban ya shigo, aka sassauta masa murfi, jarka ta gaishe shi da tsaki. Ya ja da baya ya tattare rigarsa. Nababa ya yi bayani a dunƙule. Ya ce kunu ne aka dama, aka sa ragowar ruwan tsiro, aka rufe, ruwan sama ya hana a sha. Duk maganar "aka" ce, bai ce wa ya yi ba.

Malam ya shafa gemu. "To, hukuncin a fili yake. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, da yawansa da kaɗansa. Saura mu sani, wannan yana gusarwa?"

"Ai abin da muke so ka gaya mana ke nan."

"Ni? Malam Nababa, na karanta babin tun ina saurayi, na karantar da shi. Amma littafi bai zo da wari ba." Ya juya wajen Usmanu. "Sai dai ko wanda ya yi tafiye-tafiye."

"Mura," in ji Nababa. "Tun daga Zariya."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Malam, bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa.

Suka tsaya su uku sun kewaye jarka, dattawan da in aka haɗa shekarunsu za su haifi ƙauyen, ba wanda zai iya cewa ga sunan abin da ke ciki. Usmanu ya ce hanya ɗaya ce, wani ya sha moɗa guda a zauna a ga yadda zai yi, kuma mai gida ya fi cancanta. Malam ya ce ba a gwada haram da maƙogwaro, abin da ake kokwanto a kansa barinsa ake yi.

"A bar shi ya tafi ina?" in ji Nababa, muryarsa ta ɗan tashi. "Gero ne fa a ciki, da dawa. In ba ita ba ce na zubar, na yi almubazzaranci da abincin mutum ashirin. In ita ce na kai gona, na shayar da Musulmi abin da ba su sani ba. Ta ina zan bi?"

Usmanu ya ga abin ya fara wuce wasa. Ya tsuguna, ya tsiyaya kaɗan a murfi, ya ɗaga wajen haske. Ƙananan ƙwayoyi suna ta tasowa daga ƙasa suna fashewa.

"Ni dai waccan da kuke nema ban san ta ba, ku shaida," in ji shi. "Amma kunu na san shi, da shi aka yaye ni. Kunu ba ya tsaki. Kunu ba ya numfashi. Malam, ko mene ne wannan, ba kunu ba ne."

Malam Sha'aban ya sauke ajiyar zuciya. "Shi ke nan, ka raba gardama. Kunu aka yi wa mutane alkawari, wannan kuwa ba shi ba ne, ba za a kai musu ba. Batun zubarwa kuma, ba kana da tarin taki a bayan gida ba? Juye shi can. Daga gona ya fito, gona zai koma. Ba a yi asara ba."

Wannan ta shigi Nababa. Suka kama jarkar shi da Usmanu, suna riƙe da ita nesa da jiki, suka fito tsakar gida. Daidai nan Sadiya ta yi sallama ta shigo, ta zo aron babban faranti na kai tuwo. Girgizar da jarka ta sha a hannunsu ta ishe ta. Murfi ya yi tsalle ya bugi rufin rumfa, kumfa ta yi feshi ta wanke gaban rigar Usmanu.

Sadiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Jarkar Yaya Aina'u ce? Kunun da aka ce ta bari ne ya koma haka?" Ta toshe hanci da gefen mayafi. "Wannan warin ai irin na..."

Maza uku suka zuba mata ido, kowa yana jira.

"Ni ma ji na yi ana faɗa," in ji ta da sauri. Ta suri faranti. "Allah ya rufa asiri. Ni dai ba za a ji a bakina ba."

Ta fice, takalminta yana faɗa da ƙasa.

Suka kai jarkar bayan gida suka tuntsurar a kan taki. Malam ya yi musu sallama ya yi gaba, ya ce zai gaya wa mutane a kawo ruwa. Usmanu ya tsaya yana matse rigarsa.

"Ka ji ta ce ba za a ji a bakinta ba," in ji shi. "Wato kafin azahar an ji a Ɗambatta."

Usmanu ya ƙara matse rigar, ya ci gaba.

"Mata suna can gidanta cike, ana tuƙin tuwon gayyarka. Yanzu haka an fara: ashe abin da Aina'u ke sa wa kununta ke nan yake daɗi. Gobe wata za ta ce dama ɗanta in ya sha yakan yi ta barci. Jibi ba uwar da za ta aiki yaro da kofi gidan nan." Ya yarfe hannu. Sannan ya kai ido kan bayan hannun Nababa, inda ƙunar tukunya ta yi baƙi ta fara ɓawo. Ya daɗe yana kallonta. "Wannan ciwon fa, bawana? Fartanya ce ta ƙone ka?"

Nababa ya janye hannun cikin riga.

Ya tsaya yana kallon kumfa tana nutsewa cikin taki. Aina'u ba ta taɓa kwanar da kunu ba. In yamma ta yi bai ƙare ba, rabar da shi take yi gida-gida, ta wanke jarka da ruwan zafi ta kife a rana. Tun Rumaisa tana goye take wannan sana'a, ba a taɓa dawo mata da kofi an ce ya yi tsami ba. Ta gina sunan nan ludayi-ludayi, shi kuwa da kalma uku a ƙofar masallaci ya ɗora mata abin da ko a mafarki ba za ta yi ba. Tana can tana gasa wa 'yarta jiki, ba ta san an ɗaura mata burukutu a gindin zani ba.

"Zan je gona in gaya musu," in ji shi.

"Gona? Maza ne ke aiken sayen kunu?" Usmanu ya nuna katangar gidan Sadiya da haɓa. "Can za ka. Gona ka bar mini, ni zan kai labari. Kada ka damu, ba zan rage komai ba."

Tsakanin gidan Nababa da na ƙaninsa taku kaɗan ne, amma ranar sai ya ga hanyar ta yi tsawo. Tun daga zaure yake jin hayaniyar mata da ƙarar muciya, ana magana ƙasa-ƙasa ana kama sunan Aina'u. Ya yi gyaran murya, ya yi sallama da ƙarfi. Gidan ya yi tsit.

"Sadiya, ba shigowa zan yi ba. Ku ji daga nan, ku duka." Ya matsa bakin ƙofa. "Abin nan da kika gani a jarka, Aina'u ba ta san da shi ba. Ba ta bar kunu ba. Ruwan tsiro ta bari, ta ce in ba awaki."

Sai muryar wata tsohuwa, Inna Tahira, wadda ta yi goyon rabin mazan unguwar, ta taso daga ciki.

"To wa ya dama, Nababa?"

"Ni."

"Kai wa? Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Ni na dama, Inna."

"Kai ka hura wutar?"

"Ni na hura."

"Ka tace?"

"Na tace."

"Tsiron ludayi nawa ka sa?"

Nababa ya dubi rufin zaure. "Duka na juye."

Wata ta fara ƙyalƙyalewa, aka ce mata ke, sai wadda ta ce ke ɗin ita ma ta fashe. Muciya ta faɗi. Ya ji Sadiya tana cewa wayyo cikina, wata tana tambaya ko har zani ya ɗaura, wata tana cewa a tambaye shi ko yana karɓar aikin suna.

"Dama na ce!" Inna Tahira ta ɗaga murya sama da ta kowa. "Na ce muku Aina'u ba ta kwanar da kunu, kuka tsaya kuna kallona. Yarinyar nan hannunta tsarkakakke ne. Ashe amarya aka yi a gidan ba a gaya mana ba. Ku yi mata guɗa mana, ta shiga ɗakin girki!"

Guɗa ta tashi, ba ta mace ɗaya ba, ta tsallake katanga ta bi ta kan gonaki. Nababa ya san har wajen gayya an ji ta, kuma ya san akwai mai fassara a can. Ya tsaya a zauren har suka gama, kunnuwansa suna zafi, amma ƙirjinsa ya yi sakayau.

"Uwargida!" Inna Tahira ta ƙwala masa kira yana shirin juyawa. "Kada ki tafi hannu sake. Ga tuwo ya nuna, zo ki ɗauki faranti ɗaya ki kai wa maza."

Aka turo farantin ta bakin ƙofa. Ya duƙa ya ɗauka, ya rasa yadda zai riƙe shi don zafi, ya cire hularsa ya naɗe ta ya yi gammo, ya ɗora a ka, ya kama hanyar gona.